Kwas ɗin gyaran rauni na GMAT da na biya na shiga: inda ya yi rana da inda bai yi ba

Tau jama'a, masu ta tambayata kan kwas ɗin nan na shirin jarrabawar GMAT da na yi ta intanet, wai ya ci kuɗinshi ko kuwa, ga shi na zauna na rubuta gaba ɗaya don in huta da maimaita magana guda. Amsar a gajarce ita ce rabinshi ya ci kuɗinshi har da ƙari, rabi kuma abu ne da kowa zai iya samu kyauta in yana da data da haƙuri. Sunansu ba zan sa ba, ba su biya ni talla ba, kuma akwai wuraren da zan taɓa su sosai, ban son a ce na zo ɓata ma mutane sana'a. Irinsu dai sun yi yawa yanzu, galibi daga Legas ko Abuja suke, aji a Zoom aikin gida a WhatsApp, don haka ko ba hannunsu ka faɗa ba maganar za ta yi ma amfani.

Ni nan Birnin Kebbi nike, akanta ne a wani kamfanin shinkafa, ga iyali ga aiki, lokacin kaka in anka fara sayen shanshera daga Argungu da Suru da Bagudo wani lokaci sai bayan isha'i nike barin ofis. Na faɗi haka ne don ku san da wane ido na kalli kwas ɗin, ba idon ɗalibin da ke zaune gida yana da yini guda a hannu ba ne.

Ga wanda bai san GMAT ba, jarrabawa ce da manyan makarantun koyon kasuwanci na waje ke nema kafin su ɗauke ka MBA, wato digiri na biyu kan harkar kasuwanci, irin su INSEAD a Faransa, London Business School a Ingila, Harvard da Wharton a Amurka. Wata hukuma mai suna GMAC ke da ita. In MBA ɗin Ɗanfodiyo ko ABU ko BUK kake nema to wagga magana ba taka ba ce, galibi su takardun digiri da na bautar ƙasa suke dubawa, riƙe kuɗinka ka sayi taki. Amma in waje kake hange, musamman in kana sa ran sikolashif, makin GMAT na cikin abin da suke kallo da farko.

Abin da ya kamata kowa ya sani kafin ya ba wani ko kwabo shi ne jarrabawar ta canza. A Nuwamba 2023 sunka fito da sabon tsari, tsohon kuma anka rufe shi ƙarshen Janairu 2024. Yanzu sashe uku ne kowanne minti 45, lissafi tambaya 21, Turanci tambaya 23, sai sashen nazarin bayanai tambaya 20, wato tebura da zanen ƙididdiga da makamantansu. Jimla 64 cikin awa biyu da kwata, da hutun minti 10 in kana so. Maki daga 205 zuwa 805, kowane sashe kuma yana da nashi daga 60 zuwa 90, kuma duka ukun nauyinsu ɗaya a jimla. Wanga na ƙarshe shi ya sa maganar rauni ta zama babba, ba za ka ce ai ni gwanin lissafi ne zai rufa mani asiri ba, sashen da ka fi rauni zai ja ka ƙasa da ƙarfi daidai da yadda wanda ka iya ya ɗaga ka.

Su kuma da wagga maganar suke talla, wai su ba komai suke koyarwa ba, rauninka suke nemowa su gyara. Kunshi biyu gare su, ƙarami mai bidiyo da tambayoyin gwaji, babba kuma har da aji kai tsaye da zaman bita da malami. Babban na ɗauka, kuɗin ya kusa cinye albashin wata guda, uwargida ta dube ni ta ce Allah dai ya sa ba 'yan damfara ba ne, na ce amin.

Satin farko ba su koyar da komai ba, kuma shi ne satin da ya fi kowanne amfani. Cewa sunka yi kowa ya tafi mba.com, shafin masu jarrabawar kansu, ya buɗe akawun ya yi mok na farko, wato jarrabawar gwaji. Guda biyu ne kyauta a can, tambayoyin na ainihi ne da anka taɓa yin jarrabawa da su, yadda ake lissafa makin ma irin na ranar jarrabawa ne. Sharaɗi, zama guda, ba tsayarwa, ba waya, ba kalkuleta a sashen lissafi. Ka gama sai su turo ma wata takardar Excel, kuma ba wai tambayoyin da ka faɗi kaɗai za ka sa ba, har wadda ka ci da canki-canka, har wadda ka ci amma ta cinye ma sama da minti uku, duk su shiga. Gaban kowace ka rubuta irin tambayar, lokacin da ta ci, da dalili. Dalilan huɗu sunka yarda da su: ban san ƙa'idar ba sam, ko na san ta amma ban gane ita ake nema ba, ko na karanta tambayar a gurguje na amsa abin da ba a tambaya ba, ko lokaci ya ƙure na harba kawai. In ka rubuta "kuskure ne" malamin dawo ma da ita zai yi, ya ce kuskure ba dalili ba ne, wane iri?

Wallahi abin yana da ban haushi da farko, mok ɗin awa biyu da kwata ne amma cika takardar nan ta fi shi cin lokaci. Sai dai in ka gama ka jera su, abin da kake gani ba ya ƙarya. Mu da yawa 'yan Arewa da ke rukunin, akwai wata 'yar Gusau ma'aikaciyar banki da wani ɗan Zuru injiniya, kusan kowa ya shigo da cewa lissafi ne matsalarshi don tun WAEC muke tsoronshi, amma da takardu sunka fito sai ga shi da yawanmu lissafin da sauƙi, inda jini ke zuba daban. Karatu ba tare da wanga gwaji ba kamar ka shiga kemis ne ka ce jikinka ba daɗi yaron shago ya haɗo ma na maleriya da na taifot da na ulsa gaba ɗaya, za ka sha magani da yawa amma ba lallai na ciwonka na ciki ba.

Tawa takardar wuri biyu ta nuna, tambayoyin "ko bayanin ya isa" a sashen bayanai, da dogayen rubuce-rubuce a sashen Turanci.

Bari in tsaya kan na farkon don a nan malamin ya nuna ya san aikinshi, kuma mu nan ba mu taɓa haɗuwa da irin tambayar ba, ba ta cikin WAEC ba ta cikin JAMB ba ta cikin ICAN, jarrabawarmu ta akantoci. Za a yi ma tambaya, a ba ka bayani biyu, ba amsar ake so ka fitar ba, so ake ka faɗi ko bayanin ya ishe ka ka fitar da ita. Misali da nawa bakin: dillali ya sayar da buhu 30, wasu na shinkafa wasu na gero, buhu nawa ne na shinkafa? Bayani na ɗaya, na shinkafa sun ninka na gero. Bayani na biyu, na gero ba su kai 15 ba. Na ɗaya shi kaɗai ya isa, 20 da 10 ke nan. Na biyu bai isa ba, gero zai iya zama 14 zai iya zama 3. Da sauƙi ko? To tarkon shi ne ka riga ka ga 10 daga bayani na ɗaya, sai ka zo na biyu kanka ya ce ai 10 bai kai 15 ba, daidai ne, ya isa, ka zaɓi cewa kowanne ya isa ka faɗi. Dole ka wanke kanka daga na ɗaya kafin ka dubi na biyu. Zaɓin amsa biyar ne kuma ba su taɓa canzawa, na ɗaya kaɗai, na biyu kaɗai, sai an haɗa su, kowanne shi kaɗai, ko an haɗa ma ba su isa ba. Malamin ya sa munka haddace su yadda ba sai ka sake karantawa ba, kuma ya koya muna tsarin yanka, in na ɗaya ya isa to zaɓi biyu sunka rage ma, in bai isa ba uku sunka rage, ko canka za ka yi ka rage hasara.

Abin da ya fi wahalar da ni kuma, kuma na ga yana wahalar da duk mai aikin akanta, mu an horar da mu sai mun kai lissafi ƙarshe mun ga lamba ta zauna. Nan kuwa da ka tabbatar amsa guda ce za ta fito sai ka bari ka wuce, ba ruwanka da ko nawa ce. Sannan in tambayar ta e ko a'a ce, bayanin da ya ba ka "a'a" tabbatacciya ya isa, don ya amsa tambayar. Malamin ya yi ta nanata wagga har ta zauna. Ya kan ce mu gwada sifili, mu gwada lamba mai ragi, mu gwada rabi, don tambayar in ba ta ce lambar cikakkiya ce ba to kai ma kar ka ce. Shi mutumin kudu ne, Hausa ba ya ji, amma haƙuri gare shi, 'yar Gusau ɗin nan sai ta tambayi abu guda sau nawa bai taɓa nuna gajiya ba, in sabis ɗinta ya yanke ya jira ta dawo.

Sauran tambayoyin sashen bayanai, masu tebur da masu zane da waɗanda ake ba ka shafi biyu ko uku ka haɗa bayaninsu, a nan abin da na ƙaru da shi guda ne amma babba: tambaya mai rassa biyu ko uku sai ka ci duka ake ba ka maki, ba rabin maki. Don haka in ka ga mai shafi uku ta zo kuma agogo ya ja, gara ka san da wuri ko za ka shige ta ko za ka sallama. Akwai kalkuleta a sikirin a wanga sashe kaɗai, amma ya hana mu dogara da ita, danna ta da maus ya fi ƙiyasi da ka cin lokaci.

Sashen Turanci wata malama ke ɗauka. Yanzu iri biyu sunka rage a ciki, fahimtar karatu da tambayoyin hujja, an cire gyaran jimla an cire rubutun insha'i. Tambayoyin hujja sun yi mani daɗi, gaskiya. Za a ce mai shago a Babbar Kasuwa ya sa talla a rediyo, a watan cinikinshi ya ƙaru, don haka talla ce ta kawo ciniki, wane bayani ne zai raunana wagga magana? Amsar ita ce wadda ta nuna akwai wani dalili, misali watan azumi ne ana gab da Sallah, kowa a layin cinikinshi ya ƙaru har waɗanda ba su yi talla ba. Amsar da ke cewa tallar ta yi tsada kuwa gaskiya ce amma ba ta taɓa hujjar ba, kuma ita ce ke jan mutane. Wanda ya taɓa zama karatun zaure ya ji ana warware mas'ala, ana cewa wanga sharaɗi ne wancan ba sharaɗi ba, abin ba zai zame mai baƙo ba, harshen ne kawai ya bambanta. Malamar ta sa kafin ka dubi zaɓin amsa sai ka ware mi marubucin ke son ka yarda da shi, da mi ya kafa hujja, da kuma abin da ya ɗauka gaskiya ne bai faɗa ba. Cikin sati kaɗan na ga canji a takardata.

Fahimtar karatu ce ba ta motsa da sauri ba, kuma ban ga laifinta ba. Mu Turancinmu na aji ne da na takardar ofis, a gida Hausa a kasuwa Hausa a masallaci Hausa, sai a ajiye ma rubutu kan ƙwayoyin halitta ko tarihin ƙungiyoyin ƙwadago a Amurka a ce ka karanta ka amsa tambaya uku ko huɗu, kuma a matsakaici ko minti biyu ba ka da shi kan kowace tambaya. Maganinta shi ne kullum ka karanta rubutu ɗaya mai nauyi, na kimiyya ko tattalin arziki, bayan kowane sakin layi ka rubuta layi guda, ba abin da ya ce ba, aikin da ya yi: nan ya kawo ra'ayin wasu, nan ya soke shi, nan ya kawo nashi. Ta kuma ja muna kunne kan ƙananan kalmomi, inda rubutu ya ce "wasu" amsa ta ce "duka", inda ya ce "mai yiwuwa" amsa ta ce "tabbas". Da kuma kar ka amsa da abin da ka sani daga waje, ko rubutun kan noman shinkafa ne kai kuma a fadamar Argungu anka haife ka, abin da ke shafin shi ne hujja. Shawara ce mai kyau, amma wanga aikin watanni ne masu yawa ba na kwas ɗin wata uku ba, kuma ya kamata su faɗa ma mutane haka tun wurin biyan kuɗi.

Lissafi ba zan daɗe ba. Ba ya wuce na sakandare, kaso cikin ɗari, rasiyo, aljabara, matsakaici, ɗan lissafin yiwuwa, joometiri ma an cire. Wahalarshi ba kalkuleta, kuma tambayar a lulluɓe take zuwa. Kaya na dubu 10 anka ƙara mai kashi 20 cikin 100 sannan anka rage kashi 20, mai gaggawa zai ce ya koma dubu 10, alhali 9,600 ne. Duk wanda raunin nashi na rashin sanin ƙa'ida ne, bidiyon kyauta a YouTube sun ishe shi, ban ga abin da nasu ya fi su da shi ba.

Tau yanzu ga inda zan taɓa su.

Bidiyon da ke cikin kunshin tsofaffi ne. Ka buɗe sai ka ga awa da awanni kan joometiri da gyaran jimla da yadda ake rubuta insha'i, abubuwan da anka cire tun 2023, ba su ko sa alama a kai ba don sabon shiga ya san ya tsallake. Ɗan Zurun nan sai da ya ɓata lokaci mai yawa kan da'ira da kusurwa kafin wani a rukuni ya gaya mai. Sashen bayanai kuwa da ke ɗauke da sulusin maki, bidiyonshi bai taka kara ya karya ba. Mutanen da ke talla da sunan gyara rauni su ne ke ba ka abin da zai cinye lokacinka a banza, abin da mamaki.

Tambayoyin gwajin da sunka rubuta da kansu su ma sai a hankali. Na lissafi da dama-dama, amma na hujja sau da yawa amsa biyu duk sun yi daidai, ko kuma makullin amsar ya zo da kuskure, ka yi ta jayayya da kanka cikin dare kana zaton kai ne ba ka gane ba, gari ya waye a ce a yi haƙuri C ce ba D ba. Illar ba ɓata lokaci kaɗai ba ce, takardar kurakuranka ce ke gurɓata, ka rubuta rauni inda ba rauni. Malamin bita da kanshi ya ce mani a keɓe in bar su in riƙe tambayoyin ainihi na masu jarrabawar, wanga kuwa ya ishe ka hukunci.

Sai talla. A fostarsu an rubuta wai maki 700 tabbas ko a maida ma kuɗinka. Jama'a, 700 ma babu shi a sabon tsari, duk maki da 5 yake ƙarewa, 695 ko 705. Kuma ma'aunin ya canza, 645 na yanzu shi ne kwatankwacin 700 na da. Ko dai ba su sabunta fostar ba ko kuma suna wasa da wanda bai sani ba, ko wanne ne bai yi kyau ba. Da na tambayi mai karɓar kuɗi sharuɗɗan maida kuɗin sai ta turo mani jerin da ba mai aiki da zai iya cikawa, kar ka rasa aji ko ɗaya, kar ka makara da aikin gida ko sau ɗaya.

Lokacin aji ƙarfe tara na dare ne, ya kan kai sha ɗaya. Ga mai aiki ba laifi. Amma da azumi ya shigo sai ya ci karo da tarawihi, munka roƙa a matsa ko a riƙa turo rikodin da wuri, sunka ce to, rikodin kuma sai ya kwana biyu uku bai zo ba, lokacin an wuce darasin an ba da aikin gida a kanshi. Ga zafin Maris da Afrilu na Kebbi da kun sani, ma'auni ya haura 40, wuta ta ɗauke, kana zaune tsakar gida da laftof a cinya sauro na cizo batir na kuka. Wanga ba laifinsu ba ne, amma da sun damu da ɗaliban da ke wajen Legas da Abuja da sun riƙa ajiye darasi a ƙaramin fayil ko sauti kaɗai da zai sauka ko sabis ba ƙarfi. Kuɗin data ka sa shi cikin lissafinka tun farko, aji da bidiyo a buɗe yana sha ba wasa. Rukunin WhatsApp ɗin kuma rabinshi gaisuwa da tallar turare ne, na kashe mai sauti.

Wani abu da zan yaba masu kafin in manta shi ne horon agogo. Jarrabawar tana bin sawunka ne, ka ci ta ƙara wuya ka faɗi ta sassauta, don haka jin tambayoyi sun yi tsauri ba alamar faɗuwa ba ce. Barin tambaya ba amsa a ƙarshe kuwa yana rage maki sosai, gara ka canka ka gama. Malamin ya sa muna doka, tambaya ta kai minti uku ba ka ga hanya ba, zaɓi ɗaya ka sa mata alama ka wuce. Sabon tsari ya yarda in ka gama sashe da sauran lokaci ka koma ka duba, ka canza amsa har uku a kowane sashe, ba fi ba. Kuma kai ke zaɓen sashen da za ka fara da shi. Shi ya ba ni shawara in fara da Turanci tun kai na da sanyi tunda nan nike da rauni, wasu kuma sun fi son su fara da wanda sunka iya don zuciya ta kwanta, ya ce kowa ya gwada a mok ya gani. Ya kuma hana mu ƙona mok ɗin ainihi barkatai, tunda biyu ne kyauta sauran huɗun saye ake, in ka maimaita kuma tambayoyin da ka gani na iya dawowa makin ya kumbura ya ruɗe ka. Tsakanin mok da mok sai ka gyara wani abu takamaimai daga takardarka, in ba haka ba awon banza kake.

Maganar zuwa jarrabawar kanta, ba su taimaka da komai ba, kai za ka yi fama. Kuɗin rajista da dala ne, ya kusa 300, ka lissafa da canjin yau ka ji. Katin naira ba kullum yake wucewa ba, ka tanadi na dala ko wani ɗan uwa mai shi. Ana iya yi a gida ta intanet da kyamara a kunne, amma ni da wutarmu da sabis ɗinmu ban yarda in ɗora dala ɗari uku a kansu ba, Abuja na tafi cibiyar jarrabawa. Mai hali ya hau jirgi daga filin Sir Ahmadu Bello, marar hali ya bi Jega, Koko, Yauri, Kontagora har Minna, yini guda ne cur, don haka kar ka kuskura ka sauka yau ka shiga gobe da safe, ka ba jikinka hutu. Ka tafi da fasfo, kuma sunan da ke jiki ya zama shi ne daidai wanda ka yi rajista da shi, mu da ke da Muhammad da Mohammed da Muhammadu a takardu daban-daban sai mun kula.

Kana gamawa makin zai fito a sikirin, na hukuma kuma ya biyo baya cikin 'yan kwanaki da bayani dalla-dalla kan kowane sashe, irin tambayoyin da ka faɗi da lokacin da ka ɓata, wato ko za ka sake to ga sabuwar takardar rauni kyauta. Ana iya sakewa bayan kwana 16, sau biyar cikin wata 12, makin kuma yana aiki shekara biyar. Sai ka ga makinka kafin ka zaɓi makarantun da za a tura mawa, biyar kyauta in ka yi cikin awa 48.

Ni dai alhamdu lillahi na haura mok ɗina na farko da tazara mai kyau, ban kai 645 ba amma na shiga layin da wasu makarantun da nike so za su saurare ni. Da na dubi bayanin, kusan duk ƙarin daga sashen bayanai da tambayoyin hujja ya zo, wato daidai wuraren da malaman nan biyu sunka zauna da ni kan takardar kurakurai. Fahimtar karatu ta ɗan motsa kaɗan, lissafi yana inda yake. Bidiyo da tambayoyinsu ban ga sawunsu a makin ba ko kaɗan.

Don haka ƙaramin kunshi kar ka saya, ko ƙanena ne ya tambaye ni haka zan ce mai. In kai mai iya tsare kanka ne, mok biyu na kyauta da takardar Excel da ka zana da hannunka da tambayoyin ainihi sun kai ka nesa, ka samu aboki ɗaya ku riƙa duba ma juna. In kuma ka san sai da mai tsaya ma a kai, ko ka yi ta yi makin ya tsaya wuri guda, to zaman bitar ya cancanci kuɗi, amma ka nemi su sayar ma da shi shi kaɗai. Ka duba kuma ko makarantar da kake so na karɓar GRE, wata jarrabawar shiga da ake yi a madadin GMAT, da yawansu na karɓa, wani ta fi yi mai sauƙi wani kuma tarin kalmomin Turancinta ya fi kashe shi, gwada mok ɗin kowacce kafin ka yanke.

In za ka biya, ka ce su nuna ma jerin darussan ka gani da idonka ko na sabon tsari ne, ka ce su rubuta ma ranar da rikodin ke fitowa, sannan ka tambayi sunan malamin da zai duba ma takardar kurakurai, don na ji wanda ya duba mu ya fara maganar barin wurin bayan Babbar Sallah.